Ledar da Ba a Ɓare Ba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Baba, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar? Ya idon, an koma wurin likitan, ko har yanzu sai gobe? Ina gaida Inna, ina gaida maman Ƙarama da ita Ƙarama ɗin. Kai kuma Yaya, na san kai kake karanta wa Baba, don haka taka gaisuwar na ajiye ta a ƙarshe, ko ka daure ka kai can.

Ni lafiya lau, sai gajiya da ta zame mini rigar sawa. Ka ce in daina yi maka ihu a waya kana jin rabi, in rubuto a takarda. Ka kuma ce mutane suna tambayarka aikin me autanka yake yi a ƙasar mutane, ka ce musu kwamfuta, daga nan sai ka rasa ta cewa. To Baba, sana'arka nake yi. Lagireto nake ƙerawa, sai dai nawa ba a zuba masa ruwa.

A cikin kwamfutar tebur akwai wani ɗan abu da bai kai tafin hannun Ƙarama ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. In yana aiki, zafi yake ɗauka kamar dutsen guga. Sai a ɗora masa ƙarfen sanyaya. Gindinsa jan ƙarfe ne, bututai su ɗauki zafin su hau da shi cikin siraran ganyen alminiyam da aka jera kamar haƙoran mataji, fanka ta hura iska ta tsakaninsu ta kwashe. Tsakanin gindin da ƙwaƙwalwar ana ɗiga wani mai mai ruwan toka, kamar ƙwayar wake, don su manne sosai. In ƙarfen ya iya aikinsa, kwamfuta ta yi ta gudu shiru. In bai iya ba, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, fanka ta yi ta kururuwa a banza, kamar motar da ake kawo maka ta tafasa a kan tudu.

Mu biyu ne muke zana irin wannan ƙarfe a kamfanin, ni da wani da nake kira Ɗan Gayu. Bayana ya zo. Ni na nuna masa inda ake dafa shayi da inda ake ajiye sukudireba, kafin in ankara an ɗora shi a kaina, don ya iya sa kwat ya kuma iya magana a taro. Turarensa yakan riga shi shigowa ɗaki. Kawu yake ce mini a gaban mutane, da wata irin murya da ba ta ladabi ba. Amma kada in zalunce shi, ya san aiki.

Kasuwa ta ja baya, aka ce mutum ɗaya za a riƙe. Akwai wasu manyan masu saye da suke son ƙarfe ɗaya tak, aka ce kowa ya kawo nasa a gwada a gabansu, wanda aka zaɓi nasa shi zai zauna. Ka san abin da ke rataye da wannan. In aka sabunta mini kwantiragi a wannan karon, zan samu takardar zama ta dindindin, kuma sai da ita ake barin mutum ya kawo iyalinsa. Ita nake ta yi wa maman Ƙarama alƙawari tun Ƙarama tana goye.

Ƙa'idar ɗakin gwajinmu ita ce hannu ɗaya ke ɗaura kowane ƙarfe, kuma hannuna ne tun da daɗewa. Dalili kuwa, yadda aka ɗiga man da yadda aka ɗaure kusoshi huɗun da ke riƙe ƙarfen yana iya ƙara zafi ko ya rage. Ana bin su ne a gicciye, kaɗan-kaɗan, kamar ɗaurin tayar mota. Ran gwaji na ɗaura nawa, aka kunna, aka ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi. Zafi ya hau zuwa digiri saba'in da biyu ya tsaya cak. Na miƙa hannu zan karɓi nasa, sai Ɗan Gayu ya janye kwalin, ya yi murmushi ya ce, “Kawu, huta abinka. Yau kana da abin da kake so a nan, bari mai kaya ya ɗaura kayansa.” A gaban baƙi, Baba. A gaban Manaja. Wato ni ne zan sassauta masa kusa in cuce shi.

Na koma gefe na harɗe hannu. Ya zaro sabo fil daga kwali, yana ɗaurawa yana ba baƙi labari suna dariya. Aka kunna. Tamanin, tamanin da biyar, casa'in. Fanka ta fara kuka kamar za ta tashi sama. A casa'in da biyar kwamfutar ta ja birki da kanta. Baƙi suka dubi juna, suka rufe jakunkunansu. Manaja ya riƙe hannuna yana girgizawa, abin da bai taɓa yi ba. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Kwance kaya bayan gwaji aikina ne, kowa ya watse ya bar ni. Da na ɗaga ƙarfensa, sai na ga man nan ya baje a kan wani abu mai sheƙi. Leda ce. Siririyar ledar da masana'anta ke mannawa a gindin kowane sabon ƙarfe don kada ya karce, har da jan rubutu a jikinta cewa a ɓare kafin a ɗaura. Abin da ake fara gaya wa mai koyo ke nan a ranar farko. Surutu ya ɗauke masa hankali, ya ɗaura da ita. Kamar a naɗe lagireto da bargo ne a ce mota ta hau tudu. Ba ƙarfensa ne ya faɗi ba, ba a ma gwada shi ba.

Ba wanda ya gani. Tana cikin aljihun rigata yanzu da nake rubutun nan.

Ka gaida kowa da kowa. Yaya, ga gaisuwarka, in ka iso.

Ɗanka,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan ciwon bayan ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na karanta shi har na kusa haddacewa.

Ka ce ka karanta wa Baba har wurin da Manaja ya girgiza mini hannu, sai ka ninke takardar ka ce nan ta ƙare. Har Inna ta yi guɗa. Sannu da ƙoƙari, malamin makaranta. Ashe ma gaisuwar taka a ɓoye ka karɓe ta.

Ka ce in jefa ledar a shara in rufe bakina. Ka ce ba ni na manna ba, ba ni na ɗaura ba, shi ya ƙi hannuna, Allah ne ya kama shi. Ka ce ni ina can ina wasa da fanka, kai kake ɗaukar Baba zuwa asibiti, kai kake zuwa makarantar Ƙarama in an ce a turo uba, kai kake ganin fuskar mamanta duk sanda aka ce wata ta bi mijinta. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Nauyin da ka ɗauka mini ba zan iya sauke shi da baki ba.

Kuma kada ka ɗauka ban gwada ba. Na tsaya a kan kwandon shara da ita a hannuna. Na je na sake duba gidan da na gani mai ɗaki biyu, wanda tagarsa ke kallon filin wasan yara, har na auna inda gadon Ƙarama zai shiga.

Amma bari in gaya maka abin da nake gani kullum. Teburin Ɗan Gayu yana fuskantar nawa. Tun ranar nan ya daina sa turare. Yana zaune yana bin lissafinsa layi-layi, yana neman inda ya kuskure, ya goge ya sake, ya dafe kai. Babu kuskuren, Yaya. Yana aljihuna. Mutum yana tone kansa yana neman abin da ba ya ciki, ni kuma ina kurɓar shayi ina kallonsa.

Kada ka ce tausayinsa ne. In ya faɗi a titi zan ɗaga shi, amma ba zan kakkaɓe masa riga ba. Abu biyu ne suka tsaya mini a wuya. Na farko, ya tsaya a gaban jama'a ya ce ni mai cuta ne a teburin gwaji. In na yi shiru, ya faɗi gaskiya ke nan, ko da shi bai sani ba. Ba zan ba shi wannan ba. Komai sun karɓe a garin nan, ƙuruciyata, gashin kaina, girman da ya kamata a ba ni. Abin da ya rage mini shi ne in na ce saba'in da biyu, to saba'in da biyu ne. Na biyu, shekaru na yi ina lanƙwasa bututan nan ina canza tazarar ganye. Ina so in san ko nawa ya fi nasa. Leda na kayar, ba shi ba.

Na kira maman Ƙarama na gaya mata komai da bakina, kada ta ji a wurinka da gishiri. Ta saurare ni har ƙarshe. Daga baya ta ce ruwa yana tafasa a wuta, ta ajiye.

Ka koma ka buɗe takardar nan ka karanta wa Baba sauran. In ka ƙi, zan kira shi in yi ta ihu har maƙwabta su ji, ka san kuma zan iya.

Ƙaninka mai taurin kai, kamar yadda ka rubuta,
Auta

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa, ina tambayar jiki, ina gaida Inna da duk mutanen gida.

Saƙonka ya same ni, kuma na san naka ne, don Yaya ba zai iya ƙirƙiro “wa ya aike ka” sau uku a jere ba. Na zaci kai za ka tsaya a bayana. Ka ce kai ma ka ga kuskuren abokan sana'a ba sau ɗaya ba, ka kau da kai, don kana da bakuna a gida. Ka ce mai iyali ba ya wasa da abincinsa saboda zuciya. Ban taɓa mayar maka da magana ba, kuma ba yau zan fara ba. Sai dai saƙon ya iso bayan na riga na yi. In kuma faɗi gaskiya, ko da ya riga ni, da na yi. Ka yafe mini.

Na shiga ofishin Manaja na shimfiɗa masa ledar a kan tebur, da man a jikinta. Ya dube ta, ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce an riga an sanar da masu saye, an fara shirin ƙera nawa, sake gwaji abin kunya ne ga kamfani. Ya ce, “Kai ka ci, me kuma kake nema? Ka san abin da kake yi wa kanka kuwa?” Na ce na sani sarai. Na ce ni ke sa hannu a sakamakon gwaji, kuma wannan ba zan sa ba. In suna so su nemo wani ya sa, amma duk wanda ya tambaye ni, zan gaya masa abin da na gani. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da aka ba kujera yana neman a janye ta ba. Na ce yau ya gani.

Aka kira Ɗan Gayu. Baba, da ka ga fuskarsa. Ta yi fari, ta yi ja, sannan ya buɗe baki. Ka san me ya ce? Wai shi ya ɓare tasa tun kafin ranar, ni na buɗe kwalinsa na mayar da ita, yanzu kuma tsoro ya kama ni na zo ina wankin kai. Wai, “Kawu, wannan dabarar tsofaffi ce.”

Na ɗauki abincin 'yata na ajiye a gabansa, abin da ya saka mini da shi ke nan. Da a ƙofar garejinka ne, da sai an riƙe ni. Amma na haɗiye, na ce to ga sharaɗina. A sake gwaji, kwamfuta ɗaya, ɗaki ɗaya, akwatin kwamfutar a rufe. Tunda hannuna ne abin zargi, shi zai ɗaura nasa, shi kuma zai ɗaura nawa. Ni zan tsaya a bakin ƙofa hannuwana a baya, ko sukudireba ba zan taɓa ba.

Manaja ya ce ai wannan wauta ce, in ya sassauta mini kusa ɗaya fa? Na ce sai ya sassauta, shi ma ya ɗanɗana yawo da abu a aljihu.

An sa rana cikin makon gobe. Ba na neman ka ce na yi daidai. Addu'arka kawai nake so, ko da kana fushi.

Ɗanka,
Auta

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, Baba, da fatan gwiwar ta bar ka ka yi barci. Ina gaida Inna. Yaya, wannan karon ga taka gaisuwar tun daga sama, don haka ba ka da dalilin ninke takarda.

An yi gwajin. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi. Ya fara da nasa, wani sabo daga kwali, ya ɓare ledarsa ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ba wanda ya yi dariya. Sannan ya ɗauki nawa. Idona yana kan yatsunsa. Ya ɗiga man, ya ga ya ɗan zarce gefe, ya goge tas ya sake ɗigawa. Ya bi kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, yadda na koya masa da kaina, har ya sake zagayawa ya tabbatar. Ni ma ba zan ɗaura fiye da haka ba. Na rubuta wannan don hakkinsa ne, ba don ina son sa ba.

Nawa ya tsaya a saba'in da biyu, inda ya tsaya da farko. Nasa ya tsaya a saba'in. Fankarsa kuma ta fi tawa shiru, sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Aka bar su suka huce aka sake, haka dai. Ya karkatar da ganyensa ta yadda iska ke bi ba ta cin karo, abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ƙarfensa ya fi nawa, Baba. Digiri biyu ne, amma ya fi. Ni na rubuta sakamakon, na sa hannu.

Kwantiragina zai ƙare ƙarshen watan nan, ba za a sabunta ba, takardar zama kuma tare suke tafiya. Na nemi wasu wurare, kowa sai ya dubi furfurata ya ce za a kira ni. Gidan nan mai ɗaki biyu wasu sun shiga, na wuce na ga an rataya labule. Manaja ya ce zai rubuta mini takardar yabo mai kyau. Na ce ya rubuta, takarda ba ta da nauyi a jaka.

Yaya, faɗi abin da ke bakinka, na ji shi tun daga nan. Eh, da na yi shiru da yanzu ana ƙera nawa, kuma ba wanda zai mutu don digiri biyu. Na sani. Baƙin ciki kuwa ina da shi, har ba na son ganin fanka tana juyawa. Amma nadama ban same ta ba, na laluba ko'ina.

Jiya ina kwashe kayan teburina, sai ga turare ya shigo, Ɗan Gayu yana biye. Ya tsaya yana juya sukudireba a hannu. Bai ba ni haƙuri ba, irinsu ba su san hanyar ba. Ya dai ce, “Injiniya.” Tun da ya zo kamfanin nan bai taɓa kirana haka ba. Ya ce ko zan ba shi ledar nan, tunda tasa ce. Na ce a'a, an riga an yi kamunta.

Maman Ƙarama ce ta yi kamun. Tun ranar da ruwanta ya tafasa ba ta ɗaga wayata ba, sai shekaranjiya ta turo layi ɗaya. Ta ce in zan taho in zo mata da ledar, tana so ta ga abin da aka musanya su da shi.

Zan kawo mata. Na sa ta cikin fasfo ɗina don kada ta ɓata. Zan ajiye ta a tafin hannunta, in zauna, ta faɗi duk abin da ta tara tun Ƙarama tana goye, ba zan katse ta ba, don tana da gaskiya. In ta ce na cuce su, zan ce na cuce su. Abu ɗaya ne ba za ta ji daga bakina ba, kai ma Baba ba za ka ji ba, wato da na sani da na yi shiru.

A share mini ɗakina. Tsohon bencinka na gareji kuma kada Yaya ya sayar, akwai mai lagireto yana tafe. Ƙarfen nawa yana cikin jaka, zan ɗora maka shi a hannu ka shafa ganyen ka ji aikin ɗanka. Saba'in da biyu yake yi, ba ƙari ba ragi.

Sai na iso.

Ɗanka,
Auta, mai furfura